Rediyo Ko Waya: Ina Ƙaramin Ɗan Takara Zai Zuba Kuɗin Tallarsa?

Ƙanen wani abokina, malamin sakandare da ya ajiye alli yana neman kujerar majalisar jiha, ya same ni a ƙofar gida bayan isha'i da wata takarda a ninke. Da muka gaisa sai ya miƙo mini ita.

"Yaya, ga abin da na ware na yaɗa labarai. Mutum biyu ke jan rigata. Kawu ya ce in kai shi gidan rediyo gaba ɗaya, yaran nan kuma sun ce rediyo na tsofaffi ne, in saya musu data su shiga Facebook da TikTok. Kai ka taɓa yin aikin nan. Wanne zan kama?"

Na duba adadin, na ga bai kai kuɗin fastocin wani ɗan takarar sanata ba. Shi ya sa ma tambayar take da ma'ana. Mai neman gwamna ba ya zaɓi, duka yake saye: fili a rediyo, talabijin, mawaƙa, allunan kan titi, da rundunar samari masu waya. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta yarje wa ɗan takarar gwamna ya kashe har naira biliyan 1, mai neman majalisar jiha miliyan 30, kansila miliyan 5. Da yawa daga cikin ƙananan 'yan takara ko kusa da wannan iyaka ba sa zuwa. A cikin ɗan abin da ke hannu za a cire na man mota, na wakilan akwati ranar zaɓe, na gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure. Abin da ya rage wa talla sai an yi masa dabara.

Na ce masa ya fara cire wani tunani daga ransa, wato cewa saƙo ɗaya ne zai zuba a kwano biyu. Kowace kafa tana da yadda take lanƙwasa magana, kuma kowace da irin mutanen da take kai wa.

Mu fara da rediyo, tunda shi ne babba. Bahaushe ya daɗe yana jin siyasa da kunne. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya fara a 1962, kuma iyayenmu da su suka san duniya. Amma abin da ya juya siyasar Kano shi ne zuwan tashoshin FM masu zaman kansu, musamman Freedom Radio a 2003. Kafin nan, in ba ka tare da gwamnati, da wuya a ji muryarka a gidan rediyon jiha. Bayan nan kuwa sai ga shirye-shirye irin su Kowane Gauta, inda ɗan adawa zai fito ya amayar da abin da ke cikinsa, gobe a mayar masa da raddi. Yau in ka murɗa akwatin rediyo a Kano da dare, da ƙyar za ka wuce tasha biyu ba ka faɗa kan siyasa ba.

Ƙarfin rediyo yana wurin waɗanda yake samu. Ba ya tambayar ko ka iya karatun boko, ba ya cin data, ba ya jiran a kawo wuta. Mai shayi ya rataye shi a jikin teburi, mai gadi ya rungume shi, manomi ya ɗaura shi a keke. Mafi muhimmanci kuma, yana shiga tsakar gida. Matar da ba ta zuwa taron gangami, ba ta zama a majalisa, wayarta ma ƙarama ce mai tocila, tana jin ka tana tankaɗe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe a unguwanninmu ya san yadda layin mata yake, ya san kuma su ne ke jure rana har a zo kansu. A zaɓen da na yi wa wani aiki, wata dattijuwa ta tare mu a wani ƙauye, ta kalli mutumin namu ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai maganar kwalbatin nan? Muryar na gane." Ba ta taɓa ganin fastarsa ba.

Maganar kwalbatin ita ce darasin. Rediyo yana son abu ɗaya, a faɗe shi da suna, a maimaita. Wanda ya shiga ɗakin watsa shirye-shirye da manufofi goma sha biyu, ilimi da lafiya da noma da tsaro da samar da aikin yi, ya fito bai ce komai ba, don kowa haka yake faɗa. Wanda ya ce hanyar da ta tashi daga ƙauye kaza zuwa kasuwa kaza tana yankewa duk damina, mata masu naƙuda a amalanke ake fito da su, shi ake tunawa. Rediyo kuma yana ba da sararin ladabi irin namu: ka yi sallama, ka gai da hakimi da limamai, ka yi ta'aziyyar wanda ya rasu a mazaɓar, ka jajanta wa waɗanda gobara ta shafa. A waya wannan ɓata lokaci ne, kafin ka gama gaisuwa an wuce ka. A rediyo shi ne rabin saƙon, don da shi mai sauraro yake auna tarbiyyarka.

Hanyoyin shiga rediyo ba ɗaya ba ne, kuma nan ne sabon shiga yake asara. Akwai gajeriyar talla da ake sakawa tsakanin shirye-shirye, wadda amfaninta kawai a san sunanka da jam'iyyarka. Akwai fili da za ka saya ka yi magana da bakinka. Akwai hira da ɗan jarida, wadda ta fi kowace daraja a kunnen mai sauraro saboda an san ba kai ka tsara tambayoyin ba, ta kuma fi kowace haɗari saboda dalilin nan dai. Sai kuma sojojin baka.

A kan sojojin baka zan ɗan daɗe, don su ne za su fara yi wa sabon ɗan takara sallama. Mutane ne masu baiwar magana, sun iya habaici da zambo da kirari, sun san tarihin rigimar kowa da kowa. Na taɓa zama a harabar wani gidan rediyo da yamma ina jiran a naɗi namu. Ga su nan a kan benci, na jam'iyyu daban-daban, suna cin gyaɗa tare suna raha. Aka kira ɗaya ya shiga, ya yi minti biyu yana ragargazar uban gidan na kusa da shi, ya fito yana share gumi, suka tafa. Sana'a ce. Suna sa a san ka, wannan gaskiya ne, kuma suna jan masu sauraro fiye da kai. Amma abin da suke sayarwa faɗa ne, ba bayani ba, kuma duk wanda suka zaga, a kanka zai rubuta. Ƙaramin ɗan takara da ke buƙatar ƙuri'ar kowane gida a ƙaramar hukuma ɗaya ba shi da rarar abokan gaba. Ga shi kuma ranar da aljihunka ya yi sanyi, bakin da ya yi maka kirari zai iya komawa wancan ɓangaren da duk sirrin da ya ji a falonka.

Illar rediyo ta farko lissafi ce. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da kujerun majalisar jiha 40. In ka sayi fili a babbar tasha, ka biya kuɗin jihar gaba ɗaya har da maƙwabta, alhali yanki ɗaya kake nema. Kamar ka yi wa gari duka girki ne don ka ciyar da gida guda. Ta biyu, tasha tana da mai ita, mai ita kuma yana da ra'ayi da abin da yake tsoro. Doka ta ce kafofin gwamnati su raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu, amma kowa ya san yadda ake yi. A watan Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi, har da gidan talabijin na NTA da ke Gusau, saboda sun ɗauki taron PDP. A watan Mayun 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye. Duk abin da mutum yake gani game da waɗannan matakai, darasin ga ɗan takara shi ne ƙofar da ya dogara da ita wani ke riƙe da makullinta. Ta uku, dokar 2022 ta tsayar da kamfe da tallar siyasa awa 24 kafin ranar zaɓe, kuma gidajen rediyo suna kiyayewa don suna da lasisin da za su rasa a hannun NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin. Ƙaryar da aka yi maka daren jajibiri ba za ka iya goge ta a rediyo ba.

To, sai waya. Kuskuren da ake yi shi ne a haɗa komai a kira shi soshiyal midiya. Ba abu ɗaya ba ne. X, wanda aka sani da Twitter, dandalin 'yan jarida ne da 'yan boko da mutanen Abuja. Mai neman majalisar jiha a karkara ya manta da shi. Facebook shi ne ainihin filin dagar siyasar Hausa a intanet, can ake rubutu, can ake raddi. TikTok na fuska ne da gajeren bidiyo, ya fi kama matasa da 'yan mata. WhatsApp kuwa daban yake da dukkansu, don shi ba kasuwa ba ne, zaure ne: na dangi, na tsofaffin ɗalibai, na 'yan kasuwar hatsi, na matan Islamiyya, na matasan unguwa. Abin da ya shigo ta nan daga hannun wanda aka sani yake zuwa, shi ya sa ake yarda da shi.

Abin da waya ta fi rediyo a fili yake. Tana da araha. Tana nuna abu, gani kuwa ya kori ji: ajin da rufinsa ya yaye, yara a zaune a ƙasa, bidiyon daƙiƙa talatin ya fi jawabin minti goma. Tana ba ka damar ka yi wa kowane rukuni maganar da ta shafe shi, 'yan acaɓa daban, masu noman rani daban. Tana kuma dawo maka da amsa nan take, ka san abin da ya shiga da abin da bai shiga ba. Akwai wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Takardar ƙuri'a a Najeriya ba ta ɗauke da sunan ɗan takara ko hotonsa, alamar jam'iyya ce kawai da harufanta. A rediyo sai dai ka siffanta, ka ce mai tsintsiya, mai lema, ko mai kayan marmari kamar yadda 'yan NNPP suka yi ta nanatawa a 2023. A waya za ka nuna alamar, ka nuna inda ake dangwalawa, ka nuna yadda ake ninke takarda kada tawada ta ɓata wani gurbi. In jam'iyyarka ƙarama ce, alamarta ba sananniya ba, wannan kaɗai ya isa ya sa ka ware wa waya wani kaso.

Amma waya ba ta da linzami. Magana zarar bunu ce ko a da, balle yanzu da ake yanka ta da almakashi. Mutumin da na yi wa aiki ya taɓa cewa a wani taro, "Masu cewa ni ba na buƙatar ƙuri'ar mutanen ƙauye, ƙarya suke yi." Kafin magariba an datse kai da jela, an bar tsakiya: "ni ba na buƙatar ƙuri'ar mutanen ƙauye." Muryarsa ce, fuskarsa ce, ba a ƙara ko harafi ba. Muka saki cikakken bidiyon, amma gyara ba ya gudun da ɓarna take yi. Mako biyu muna bin ƙauyuka muna rantsuwa. Tun daga ranar na koya wa duk wanda na yi wa aiki kada ya taɓa maimaita zargin da ake yi masa da bakinsa, ya faɗi abin da yake so a ji kawai, a jimlar da ko an yanka ta ba za ta juya ba. In har shugaban ƙasa na lokacin sai da ya fito a Poland a watan Disamban 2018 ya ce shi ne Buhari na gaske, ba wani Jibrin daga Sudan ba, to ɗan takarar majalisar jiha ba shi da wata rigar kariya.

Sai yaudarar adadi. Yaro zai zo maka da waya yana murna, "Honorabul, mutum dubu kaza sun kalla." Ka tambaye shi, su waye? Wani yana Legas, wani yana Saudiyya, wani bai kai shekara 18 ba, wani ɗan adawa ne ya zo leƙen asiri, wani kuma katinsa na wata mazaɓa ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, wanda ya zauna a X zai rantse Peter Obi ya mamaye ko'ina. A Kano ƙuri'a 28,513 ya samu, Rabi'u Musa Kwankwaso ya samu 997,279. A faɗin ƙasa kuma waɗanda suka fito ba su wuce kusan kashi 27 cikin ɗari na masu rajista ba. Hayaniya a waya da tsayuwa a layi abubuwa biyu ne. Ba ina cewa Kwankwasiyya ba ta yi amfani da intanet ba, ta yi sosai, Facebook cike yake da 'ya'yanta. Amma abin da ya ɗauki saƙonta jar hula ce, wadda ba ta buƙatar data ko batir, ana ganinta a masallaci da kasuwa da wurin ɗaurin aure. Haka "sak" ta yi wa Buhari da waɗanda suka raɓe shi aiki, haka makulli, alamar jam'iyyar PRP, ya yi a jamhuriya ta biyu. Saƙon da ya yi ƙarfi gajere ne har ya iya tafiya da ƙafarsa, kafofin kawai rakiya suke yi masa.

Su kuma yaran da za a saya wa data, 'yan uwan sojojin baka ne, sai dai su ba su da edita. A gidan rediyo akwai wanda zai saurari abin da aka naɗa ya cire zagin da zai jawo wa tasha tara. A Facebook babu kowa tsakanin fushin yaro da duniya. Zai zagi mahaifin abokin takararka da hotonka a fuskar shafinsa, a ɗauki hoton rubutun a ajiye, ko ya goge ya makara. Hukunci ma yana nan: a watan Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da ake yawan kama mutane da ita. In aka kama yaronka, kai za a kira da tsakar dare. Ita kanta hanyar sadarwar ba tabbas gare ta ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro, mutane suka koma wa rediyo. A farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari, wanda ya sa talaka ya ƙara tsuke hannu wajen buɗe bidiyo.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne? In mazaɓarka cikin birni take, irin su Fagge ko Tarauni ko Nasarawa, inda matasa suka yi yawa, sabis yake da ƙarfi, waya za ta iya ɗaukar kaso mafi girma, rediyo ya zama na tunatarwa a makonnin ƙarshe. In karkara ce, juya lissafin. In kai ke kan kujera kana da aikin nunawa, kyamara abokiyarka ce. In kai ne mai neman kayar da na kai, ba ka da komai sai hujja da murya, rediyo zai ba ka minti biyar ɗin da waya ba za ta ba ka ba. Sannan ka yi wa kanka adalci: wani Allah ya ba shi baki, wani in ya ga makirufo sai ya daskare. Wanda bai iya doguwar magana ba kada ya sayi dogon fili don kawai abokin hamayya ya saya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shi wannan ƙanen nawa mazaɓarsa karkara ce, kuma shekarun da ya yi a gaban allo sun koya masa bayani. Don haka na ce ya kai kaso mafi tsoka rediyo, amma ba babbar tashar da ta fi tsada ba, wadda mutanen yankinsa suka fi kamawa. Ya je wurin masu shayi uku ko huɗu da dare ya ji da kunnensa inda aka murɗa. Ya yi magana da bakinsa, kada ya ɗauki sojan baka ko ɗaya. Duk abin da aka naɗa ya karɓi kwafinsa, a yanka shi gajeru-gajeru na minti ɗaya, a tura zaurukan WhatsApp a matsayin saƙon murya, don murya ba ta cin data kamar bidiyo, kuma wadda ba ta iya karatu ba za ta saurara. Da haka kuɗi ɗaya ya yi aiki biyu. Yaran kuma kada ya kore su, amma ya zaɓi biyu masu hankali, ya ba su aiki takamaimai: ɗaukar hoton wuraren da yake magana a kai, naɗar duk jawabinsa daga farko har ƙarshe don ranar da za a datse shi, da nuna alamar jam'iyya. Sharaɗi ɗaya, ba zagi, ko an zage shi.

Ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ce, "To Yaya, me zan fara faɗa?"

Na ce ya lissafo mini ƙauyukan mazaɓar da ka. Ya kawo goma sha huɗu ya tsaya, biyu daga ciki ma ya karya sunansu irin na ɗan birni. Na ce kafin ya taka gidan rediyo ya koma gida wurin Inna, ta faɗa masa su ɗaya bayan ɗaya yadda masu garin suke kiran su, da sunan dagacin kowanne, da wanda rijiyarsa ta ƙafe. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce jibi ranar kasuwarsu ce, da asuba zai kama hanya.